Wuƙa, Taɓarya da Kwano a Gaban Alƙali



Duk wanda ya taɓa aurar da 'ya a unguwar nan ya san ɗawainiyar haɗa kayan kicin. A shiga Kasuwar Kure a sayo tukwane da kwanuka da kuloli da jerin wuƙaƙe, a nemo turmi da taɓarya na ice mai nauyi, wata uwar ma sai ta aika Paiko a zaɓo mata randa irin ginin Gwari, don a wajenta ruwan randa ya fi na firji daɗi. Ranar jere mata su taru, a yi guɗa, a yi addu'ar zaman lafiya. Ba mai kallon kayan nan ya ce makamai aka kai gidan miji. To amma idan muka tuna labaran kisan kai na cikin gida da suka girgiza Arewa a shekarun nan, ba kasafai ake jin bindiga ko takobi ba. Wuƙar yanka albasa ake ji, da taɓarya, da tafasasshen ruwa, da kwanon abinci.

Nan ne alƙali ke shiga tsaka mai wuya. Bindiga in an same ta a ɗakin mutum ta fara ba da shaida a kansa, don nemo ta ya yi, ɓoye ta ya yi. Wuƙar kicin kuwa uwargida ta taɓa ta, amarya ta taɓa ta, yarinyar gida ta fere doya da ita, maigida ya yanka kaza da ita jiya. Samunta kusa da gawa bai faɗi wanda ya riƙe ta ba, bai kuma faɗi abin da ke zuciyarsa lokacin da ya ɗaga hannu ba. Wannan matsala ta girme mu, ta girmi Minna da layin dogon da ya raya ta. Mun ga ya dace mu bi tarihinta, domin yawancin gardamar da muke yi a majalisa kan "ita ta kashe" ko "ba ita ba ce", malamai da alƙalai sun riga mu yin ta.

A zamanin Manzon Allah (SAW) wasu kishiyoyi biyu 'yan ƙabilar Huzail, matan sahabi Hamal ɗan Malik, suka yi faɗa. Ɗaya ta bugi 'yar uwar zamanta mai juna biyu, ta mutu da abin da ke cikinta. Da me ta buge ta? A ruwayar Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim, dutse ta jefa mata. A ruwayar Mugira ɗan Shu'uba, dirkar tanti ce. A wata ruwayar ta Abu Dawud an ambaci wani abu da ake kira misɗah, sai masana harshen Larabci suka rabu a kansa: Nadru ɗan Shumail ya ce icen da ake murza ƙullun gurasa da shi ne, Abu Ubaid ya ce ɗaya daga itatuwan tanti ne. Ku duba fa, tun a wancan lokaci ana saɓani kan ko kayan girki ne ko wani abu dabam. Hukuncin da ya fi shahara shi ne an ɗora diyyar matar a kan dangin wadda ta yi bugun na wajen uba, aka kuma sa bawa ko baiwa a matsayin diyyar cikin. Akwai ruwayar da ta ce an yi umarni a kashe ta, amma ta diyyar ce malamai suka fi ƙarfafawa.

Daga irin wannan shari'a manyan limamai suka ɗauki hanyoyi dabam-dabam. Imam Abu Hanifa na Kufa ya ce niyya a zuciya take, ba mai ganinta, saboda haka sai a duba abin da aka yi aikin da shi. In mai kaifi ne da ke yanka ko huda, kisan ganganci ne, akwai ƙisasi. In mai nauyi ne kawai, kamar dutse ko gungumen ice, ya zama mai kama da ganganci, diyya mai nauyi za a biya. Manyan almajiransa biyu, Abu Yusuf da Muhammadu Shaibani, ba su bi shi a wannan ba, haka Imam Shafi'i da Imam Ahmad: su a wajensu abin dubawa shi ne ko abin yakan kashe a bisa al'ada. Imam Malik na Madina, wanda mazhabarsa muke bi a ƙasar nan, ya fi kowa tsanani. A mashahurin zancensa kisa iri biyu ne kawai, ganganci da kuskure. Duk bugun da aka yi cikin fushi da gaba, da wuƙa ne ko da sanda ko ma da hannu, in rai ya fita, ganganci ne. Wurin da ya sassauta shi ne uba da ɗansa, inda ya ce ba a kashe uba don ya jefi ɗansa da wani abu cikin fushi, sai in ya kwantar da shi ya yanka.

Ke nan matar da ta rafka wa kishiyarta taɓarya, da a Kufa take gaban Abu Hanifa, da ta tsira da ranta. A Madina kuwa, ko a Kano da Sakkwato da Bida, sai dai in dangin mamaciyar sun yafe.

Sai dai tsananin Malikiyya a kan niyya ya zo da tsanani a kan hujja. Ba a zartar da ƙisasi sai da ikirarin wanda ake tuhuma ko shaidar maza biyu adilai. A ina za a samo maza biyu adilai a tsakar gidan mutum da ƙarfe uku na dare? Don haka alƙalanmu na da suka riƙa komawa ga ƙasama, wato rantsuwa 50. Kafin a kai ga wannan sai an sami abin da littattafan fiƙihu ke kira lausu, alama mai ƙarfi wadda ba ta kai cikakkiyar hujja ba: shaida ɗaya adili, ko a ga mutum tsaye kan gawa da jini a jikinsa, ko wanda aka sara ya faɗi kafin ya cika cewa wane ne ya kashe shi. In an sami haka, maza daga dangin mamaci, aƙalla biyu, su yi rantsuwa 50 cewa wannan ne ya kashe ɗan uwansu. In sun ja da baya, rantsuwar ta koma kan wanda ake tuhuma, ya yi 50 ya kuɓuta. In kuma laifi ya tabbata amma magada suka yafe, a yi masa bulala 100 a tsare shi shekara guda. Wuƙa mai jini a wannan tsari ƙofa kawai take buɗewa. Mutane ne ke ɗaukar nauyin hukuncin a wuyansu da sunan Allah, kuma da yawa kan tsorata su fasa.

Da Turawa suka ci ƙasar nan a 1903 ba su rushe kotunan sarakuna da alƙalai ba. Sun hana yanke hannu, sun kuma ce ba a zartar da hukuncin kisa sai takarda ta bi ta hannun Razdan ta isa ga Gwamna, a Zungeru nan maƙwabtanmu kafin hedikwata ta koma Kaduna a 1917. Aka yi shekaru ana tafiya da doka biyu a ƙasa ɗaya. Dokar Ingila ta san da tunzura: mutum in an fusata shi fushi mai tsanani nan take ya yi kisa kafin zuciyarsa ta huce, ba a rataye shi. Malikiyya ba ta san da wannan rangwame ba. Abin ya fashe a 1947 a shari'ar Tsofo Gubba, wanda kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa hukuncin kisa don ya kashe wani mutum a kan matarsa. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin, ta ce tunda a dokar Turawa laifin bai kai na rataya ba, kotun gargajiya ba ta da ikon kashe shi. Sarakuna da alƙalai suka ji zafin wannan ƙwarai, aka yi ta gyaran doka ana warwarewa shekara goma.

A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan da Farfesa Anderson na Landan da wasu manyan Arewa. Daga shawararsu aka samu kundin Final Kod, wanda aka ɗauko tsarinsa daga na Sudan, ya fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960, jajibirin samun mulkin kai. Sashe na 221 ya ce hukuncin kisa na kan wanda ya yi niyyar kashewa, ko ya san cewa mutuwa ce mafi rinjayen sakamakon abin da ya aikata. Sashe na 222 ya fitar da tunzura mai tsanani, da faɗan da ya ɓarke ba shiri, da wanda ya wuce gona da iri wajen kare kansa. Ta yaya alƙali zai san abin da mutum ya sani a ransa? Sai ya duba makamin, ya duba inda aka sara, ya duba sau nawa. Wato tambayar Abu Hanifa ta dawo mana ta hannun lauyoyi masu gashin doki. Nauyin taɓarya da tsawon wuƙa suka sake zama abin aunawa, har ana yi musu lamba a ajiye su a kotu a matsayin shaida. Ko da jihar Neja ta shigo da shari'ar Musulunci a 2000 zamanin Gwamna Abdulƙadir Kure, gyara aka yi wa wannan kundi, ba a jefar da shi ba.

Abin da ya ɓace a sabon tsari shi ne rantsuwar dangi da ikonsu na yafewa. Kisa ya zama laifi ga hukuma, hujja ta koma hannun ɗan sanda da likita.

A Afrilun 2014 aka ga yadda hakan ke kasancewa a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Gaya a jihar Kano. Wata amarya da lauyoyinta suka ce shekarunta 14 ta yi girki kimanin mako biyu da ɗaurin aurenta, angon mai shekara 35 ya ci tare da wasu, mutum huɗu suka mutu har da shi. Ba za mu kama sunanta ba, yarinya ce a lokacin. 'Yan sanda suka ce ta amsa cewa ta zuba shinkafar ɓera a abincin. An rubuta jawabin nata da Turanci, ita kuwa Hausa ta yi magana, ta dangwala yatsa don ba ta iya rubutu ba. Wata yarinya 'yar shekara 7 ta shaida wa Babbar Kotu a Gezawa cewa ita aka aika ta sayo maganin ɓeran. Masu gabatar da ƙara suka nemi hukuncin kisa, lauyoyin ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA suka tsaya kan cewa ƙaramar yarinya ce da ba ta kamata ta tsaya a wannan kotu ba. Duniya ta ɗauka, maganar auren wuri ta danne maganar kwano da abin da ke cikinsa. A 2015 gwamnatin Kano ta janye ƙarar, aka sallame ta a watan Yuni. Har yau ba kotun da ta ce ta aikata, ba kuma wadda ta wanke ta bayan sauraron hujja. Gidaje huɗu sun binne nasu.

Shari'ar da ta fi kowace tsaya mana a rai ita ce ta Maryam Sanda, wataƙila don Abuja kusa take, wataƙila kuma don a gidan yarin Suleja, cikin jiharmu, aka tsare ta. A watan Nuwamba 2017 mijinta Bilyaminu Bello ya rasu da raunin suka a ƙirji bayan wata rigima da suka kwana suna yi a gidansu. Wani abokinsa da ya yini a gidan ya shaida wa kotu cewa ta nemi saki, ta fasa kwalbar gyaɗa ta nufe shi da ita, ta kuma ɗauko wuƙa daga kicin ba sau ɗaya ba, ana ƙwacewa. Amma abokin ya bar gidan kafin abin ya faru. Ita kuma ta ce hoton wata mace ta gani a wayarsa, suka yi ta cacar baki har da ture-ture, tukunyar shisha ta faɗi ta fashe, ruwanta ya malale a ƙasa, santsi ya kwashe shi ya faɗa kan fasasshen gilashin.

Wuƙar kicin ko gilashin shisha? Kusan shari'ar gaba ɗaya a kan wannan ta rataya. Lauyoyinta suka ce ba wanda ya ga lokacin da aka yi sukar, ba ta yi ikirari ba, ba a kawo wuƙar gaban kotu ba, ba a kuma yi binciken gawa da zai nuna ko ƙarfe ne ya shiga ko gilashi ba. Duk waɗannan gaskiya ne. Masu gabatar da ƙara suka ce ai an goge jinin an gyara ɗakin kafin masu bincike su iso, har aka gurfanar da mutum uku na gidansu bisa zargin ɓatar da shaida, kotu ta sallame su a 2019 don ba a kawo hujjar da za ta sa su kare kansu ba. Ranar 27 ga Janairu 2020 Mai Shari'a Yusuf Halilu na Babbar Kotun Birnin Tarayya ya yanke mata hukuncin kisa ta hanyar rataya a ƙarƙashin sashe na 221 ɗin nan na zamanin Sardauna. Ya kafa hujja da cewa ita ce ta ƙarshe da aka gani tare da shi yana raye, don haka bayanin yadda ya mutu na wuyanta, ya kuma ce labarin shisha shiri ne na rufe gaskiya. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hukuncin a Disambar 2020, Kotun Ƙoli ma ta tabbatar.

Mu ba mu da ta cewa a kan hukuncin kotu. Alƙalai sun ga shaidu ido da ido, mu a waya muka karanta. Abin da muka lura da shi kawai, wanda ya karanci fiƙihu zai ga cewa hujjar da aka kama ta da ita 'yar uwar lausu ce: barazana da aka ji da kunne, da kasancewa tare da mamaci a ƙarshe, da bayanin da bai gamsar ba. A tsohon tsari wannan zai kai ne ga rantsuwa 50 ta dangin mamaci. A sabon tsari ya kai ga tabbacin alƙali. Shi ya sa gardamar ba ta mutu a bakin mutane ba, duk da ta mutu a kotu.

A nan kuma dole mu dubi kanmu, don abin da aka ce ya faru a ɗakin nan na Abuja shi ne abin da kowace unguwa ke yi, har da tamu, kuma sau da yawa da kyakkyawar niyya. Ana jin ihu maƙwabta sun cika gida. Wata dattijuwa ta ɗebo ruwa da omo ta wanke jinin don kada uwar mamaci ta iso ta gani. Wata ta share fasassun kwalabe don kada yara su taka. Wuƙar a ɗauraye ta a mayar cikin 'yan uwanta, ragowar tuwon a zubar a kwata, kwanon a wanke. Maza kuma suna waje suna maganar likkafani da maƙabarta, ana so a sallace shi kafin azahar. Gaggauta jana'iza sunna ce, ba mai jayayya. Amma da zarar an ambaci binciken likita sai dangi su ce ba za a yanka musu ɗan uwa ba, sun bar wa Allah. Bayan kwana uku kuma su ne a ofishin 'yan sanda suna nuna wadda suke zargi. Mutane da yawa ba su san cewa tun 1976 Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta ba da fatawar halaccin binciken gawa idan ana tuhumar kisa ba.

In an wanke wuƙa an binne gawa, me ya rage wa ɗan sanda? Ikirari. Shi ya sa ake matsa wa wanda aka kama har ya amsa, shi ya sa kuma da yawa daga cikin shari'un nan ke ƙarewa a gardamar ko da son ransa ya yi jawabi. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta tanadi a ɗauki irin wannan jawabi a bidiyo ko a gaban lauya, saboda wannan matsala. Wankin da aka yi don tausayi yana iya kuɓutar da mai laifi. Yana kuma iya hallaka marar laifi, domin matar da mijinta ya faɗa kan gilashi da gaske, gilashin nan da raunin nan su ne kaɗai shaidunta. Kada kuma mu ɗauka abin na mata ne kawai don jaridu sun fi son kanun "matar aure ta kashe mijinta". Taɓarya ba ta san hannun mace ko na namiji ba, kuma matan da suka mutu a hannun mazajensu ba kasafai labarinsu ke wuce ƙofar gida ba.

A Oktoban 2025 sunan Maryam Sanda ya fito cikin jerin waɗanda Shugaba Tinubu ya yi wa afuwa. Ƙasa ta ɗauki zafi, kafin watan ya ƙare aka sake duba jerin, aka mayar da nata ɗaurin shekara 12. A tsakanin kwanakin nan ne dangin Bilyaminu suka rabu biyu a bainar jama'a. Ɓangaren gidan da ya tashi a cikinsa suka fitar da sanarwa cewa afuwar ta fama musu ciwo. Mahaifinsa na jini kuwa ya zauna gaban 'yan jarida ya ce shi ya yafe, shi ma ya roƙi a sake ta don ta riƙe 'ya'yan da mamacin ya bari. Da a gaban alƙalin Malikiyya ake kafin 1960, da tambayar farko ita ce wa ya fi kusa da mamaci cikin masu haƙƙin jininsa, kuma da maganar wannan mutum ta yanke shari'ar. A dokar da muke ciki yanzu maganar kowannensu roƙo ce kawai ga mai riƙe da alƙalami a fadar shugaban ƙasa.

Allah ya jiƙan Bilyaminu Bello, da mutum huɗun Gaya, da sauran waɗanda ba mu ji sunansu ba.